Tsibirin da Ake Kiwon Ɓeraye: Tafiyata Zuwa Bar Harbor

Duk wanda ya yi aiki a asibitocin karkara da ke kusa da madatsun ruwa da gonakin rani na ƙasar Kano ya san tsargiya da 'yar'uwarta mai kama hanji da hanta. Yara biyu za su yi wanka a magudana ɗaya, tsutsa iri ɗaya ta huda fatarsu, amma bayan shekaru ka tarar ɗaya yana nomansa lafiya lau, ɗayan kuwa hanta ta taurare, saifa ta kumbura, wata rana sai aman jini. Mun daɗe da sanin cewa mafi yawan ɓarnar daga ƙwan tsutsar take fitowa. Ƙwan ne ke maƙalewa a hanta ko hanji ko mafitsara, sojojin jiki su yi masa rubdugu, wurin ya yi tabo. To a cikin sojojin nan, wanne ke kare yaron, wanne ke ji masa ciwo? Wannan tambayar ce ta kai ni jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka.

Tambaya ce da ba a gwada ta a jikin ɗan Adam, don babu mai hankalin da zai kashe wani rukuni na garkuwar jikin yaro ya tsaya kallon abin da zai faru. Sai dai akwai ɓerayen da masana suka tsara wa gado, ta yadda za a iya cire ƙwayar gado guda tak daga rukuni guda tak na ƙwayoyin garkuwa, a bar sauran jikin yadda yake. Ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar irin waɗannan ɓeraye a duniya ita ce cibiyar Jackson da ke garin Bar Harbor, kuma tana shirya kwasa-kwasai ga masu bincike. Da na kai wa malamina takardar gayyata, ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Ka je. Amma kada ka shagala da kallon gine-gine. Ka dubi yadda suke riƙe dabbobin, da yadda suke rubuta komai." Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Daga Abuja na tashi, muka ya da zango a Turai, sannan muka sauka Boston. Daga nan motar safa na hau muka nausa arewa, muka wuce Portland, muka isa Bangor. Tun da muka shiga Maine idona bai huta da ganin daji ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar jihar itatuwa ne, dogaye masu siraran ganye, a jere dama da hagu har iya ganinka. Daga Bangor zuwa Bar Harbor kimanin kilomita 80 ne. Ana bi ta garin Ellsworth, a haye wata 'yar gada, sai ga ka a tsibirin Mount Desert, duwatsu a gabanka, Tekun Atlantika a gefenka.

Bar Harbor ƙaramin gari ne, mazaunansa na dindindin ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba, amma a watan Yuli da na je ya cika maƙil da masu yawon buɗe ido da ke zuwa gandun Acadia. Kowane gidan abinci lobsta yake sayarwa, wani ƙaton jatan-lande mai manyan hannaye da masuntan yankin ke kamawa da tarko. An sauke mu a wani tsohon gidan jan bulo da ake kira Highseas, wanda ke kallon teku. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne lokutan salla. Wajen ƙarfe uku na dare alfijir ya keto, ƙarfe biyar rana ta fito, magariba kuma sai bayan takwas. Su bazara suke kira, suna yawo da gajeren wando, ni kuwa da yamma sai da rigar sanyi.

Cibiyar tana 'yar tazara kudu da gari, a gindin dutse. Clarence Little ne ya kafa ta a 1929, da tallafin attajiran masana'antar mota na Detroit, ciki har da Edsel Ford da Roscoe Jackson na kamfanin Hudson, wanda ya rasu a shekarar aka sa wa wurin sunansa. Burin Little shi ne ya gano hannun gado a cikin ciwon daji, don haka yake buƙatar dabbobin da ba su da bambancin gado a tsakaninsu. Hanyar ita ce a yi ta haɗa 'yan ciki ɗaya, mace da namiji, har tsatso ashirin a jere, zuri'ar ta koma tamkar tagwaye. Baƙin ɓeran da ake kira C57BL ya samo asali a 1921, daga dabbobin wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Abbie Lathrop, wadda ta kasance tana kiwon ɓeraye tana sayarwa a Granby ta jihar Massachusetts. Reshensa mai lamba 6 ne aka karance jigidar halittarsa, wato DNA, aka wallafa a 2002. Tarihin Little yana da tabo, kuma can ma ba a ɓoye shi: ya goyi bayan aƙidar tace jinsin mutane, daga baya kuma ya yi wa kamfanonin taba aiki yana rage kaifin hujjar da ke danganta sigari da ciwon daji. A 2020 cibiyar ta cire sunansa daga ɗakin taronta.

A hanyar zuwa aji wata malama ta nuna mana gangaren dutse ta ce mu lura da launin itatuwa. Wani ɓangaren kore ne shar mai duhu, wani kuma itatuwa ne masu farin ɓawo da faffaɗan ganye. Masu farin ɓawon nan su ne suka tsiro inda wuta ta ci. A watan Oktoba na 1947 gobara ta cinye fiye da eka 17,000 na tsibirin, ta lashe cibiyar, ɓeraye kimanin 90,000 suka halaka. Aikin shekaru goma sha takwas ya zama toka a yini guda. Abin da ya cece su shi ne sun daɗe suna rarraba zuri'unsu ga masu bincike a wasu wurare. Da labari ya bazu, sai waɗannan mutane suka riƙa maido musu da mace da namiji, mace da namiji, har aka sake tayar da kiwon. George Snell, wanda ke nazarin dalilin da ya sa jiki ke ƙin karɓar naman da aka dasa masa daga wani, ya sake aikinsa daga tushe a nan, ya kuma sami kyautar Nobel a 1980. Yau cibiyar na riƙe da zuri'a fiye da 10,000, tana aika miliyoyin ɓeraye duk shekara zuwa ƙasashen duniya.

Ba a shigar da baƙo ɗakunan kiwo na ainihi. Masu aiki a ciki ma sai sun yi wanka sun sauya tufafi, abincin dabbobin da ruwansu da shimfiɗarsu duk an kashe musu ƙwayoyin cuta. Mu a ɗakin horo aka koyar da mu, sanye da riga da hula da takunkumi da safar hannu. Aka ajiye mini keji na roba mai garai-garai, garin katako a ƙasa, da ɗan audugar da suka yayyaga suka yi sheƙa. Na haɗa tafukana biyu kamar yadda aka nuna, wata baƙar ɓera ta hau. Nauyinta bai fi giram ashirin da 'yan kai ba, gashinta na sheƙi, zuciyarta na bugawa a tafina da saurin da ba na iya ƙirgawa, don takan haura 500 a minti. A jikin kejin akwai kati: ranar haihuwa, lambar uwa, lambar uba, jinsi, sannan dogon suna na haruffa da lambobi da ya ƙare da Lyz2, cre, Ifo da J. Malamar ta warware mana shi dalla-dalla: ga ƙwayar gadon da aka taɓa, ga abin da aka dasa a wurin, ga ɗakin binciken Irmgard Förster da ya ƙera zuri'ar a Jamus, ga kuma J da ke nuna cewa a Jackson ake riƙe da ita. A ido, ɓerar nan ba ta da maraba da kowace baƙar ɓera. Katin ne kaɗai ya san sirrinta.

Kafin a fahimci amfaninta sai an koma baya kaɗan. A ƙarshen shekarun 1980 aka iya kashe ƙwayar gado guda da aka zaɓa a jikin ɓera, aikin da ya jawo wa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007. Hikimar a fili take: in kana son sanin aikin abu, cire shi ka ga abin da ya lalace. Amma dabarar tana da cikas biyu. Na farko, ƙwayoyin gado da yawa ɗan tayi ba ya rayuwa sai da su. Wani babban bincike na haɗin gwiwar ƙasashe da aka wallafa a 2016 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada, in an cire su, ɓeran ko dai ya mutu tun a ciki ko jim kaɗan da haihuwa, ko kuma kaɗan ne ke tsira. Na biyu, ko da ya rayu, abin da ka cire ka cire shi ne daga hanta da ƙwaƙwalwa da fata da jini gaba ɗaya, ba ka san daga ina matsalar ta taso ba.

Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba. A 1981 Nat Sternberg ya bayyana wani sinadari mai suna Cre a jikin wani bairos da ake kira P1, wanda ke kama bakteriya. Aikin Cre shi ne ya nemo wasu alamomi biyu a kan jigidar halitta, kowace mai haruffa 34, ana ce musu loxP, ya datse duk abin da ke tsakaninsu ya haɗe bakin. Brian Sauer ya nuna a 1988 cewa yana aiki a ƙwayoyin jikin dabbobi masu shayarwa. Ka ɗauka tela ne ya bi kowane yadi da ke shago ya ja layi biyu da alli. Layin alli ba ya ɓata yadi, sai in an sa almakashi. To loxP shi ne allin, Cre shi ne almakashin. Ɓera ɗaya ana ja masa layin a kowace ƙwayar jikinsa, yana rayuwarsa lafiya. Ɓera na biyu yana ɗauke da almakashin, amma an ɗaura shi a kan makunnin da ba ya tashi sai a cikin rukuni guda na ƙwayoyi. In ka haɗa su suka haihu, ɗan da ya gaji alli da almakashi za a yanke masa wurin a wannan rukunin kawai.

A 1994 aka fara tabbatar da haka, kuma a kan ƙwayoyin garkuwa aka yi. Hua Gu da Klaus Rajewsky a birnin Kolon na Jamus, tare da Jamey Marth, suka cire wata ƙwayar gado mai gyaran jigidar halitta daga ƙwayoyin T kaɗai, alhali ɓeran da aka cire masa ita gaba ɗaya ba ya rayuwa. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1997 aka samar da zuri'ar CD19 mai yanka a ƙwayoyin B, masu ƙera makaman da ke yawo a jini. A 1999 aka fito da LysM, irin wadda na riƙe a hannuna, mai yanka a makarofaj da nutirofil, ƙwayoyin da ke haɗiye abokan gaba. A 2001 ta CD4 ta biyo baya don ƙwayoyin T. Har lokaci ma an iya sarrafawa. Ƙungiyar Pierre Chambon a Strasbourg ta Faransa ta ƙera Cre da ke kwance ba ya motsi sai an ba ɓeran tamoxifen, maganin nan na sankarar mama. Wato kana iya barin ɓera ya girma cikakke, ranar da ka ga dama ka kashe ƙwayar gadon.

Darasin da ya fi shiga jikina na lissafin kiwo ne. Kowane ɓera yana da kwafi biyu na ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma dole duka biyun su kasance da alama. Don haka haihuwa ɗaya ba ta wadatar. Ka haɗa mai Cre da mai alama, ka jira cikin kwana 19 zuwa 21, ka yaye 'ya'yan a mako uku, su balaga a mako shida zuwa takwas. Ka zaɓi wanda ya gaji Cre, ka sake haɗa shi da mai alama biyu. A wannan haihuwar, ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zama abin da kake nema. Wani ɗaya cikin huɗun, mai alama biyu babu Cre, shi ne ma'auninka, don uwarsu ɗaya, kejinsu ɗaya, ƙwayoyin hanjinsu ɗaya. Kusan wata biyar ke nan kafin ka fara gwajin farko. Kuma kowane ɗa sai an ɗan huda kunnensa, a ɗauki ɗigon naman a tantance gadonsa a na'ura, a rubuta. Mai gaggawa ba shi da wuri a wannan sana'a.

An ce gani ya kori ji. Wata rana da la'asar aka kashe fitilun ɗaki, aka zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya a gaban madubin likita. A ƙarƙashinsa akwai siririn yankin saifa daga ɓeran da aka haɗa LysM da wata zuri'a da aka ƙera a jami'ar Stanford a 2007. A wannan zuri'ar kowace ƙwayar jiki ja take haskawa, amma duk wadda Cre ya yi aiki a cikinta sai ta koma kore, da wani furotin mai ƙyalli da aka samo daga wata halittar teku. Na sa ido. Fili ne ja wur, da dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin T da B a tsakiya, sannan korayen ƙwayoyi sun watsu a kewayensu, wasu da 'yan yatsu a miƙe. Na juya maɗaurin a hankali, na ga iyakar kowace ɗaya. Shekaru ina karanta sunan makarofaj ina koyar da shi a allo, ranar na ga inda suke zaune a cikin saifa, da idona.

Abin da waɗannan ɓeraye suka koya wa duniya ya sauya yadda ake kallon garkuwar jiki. Ɗauki ƙwayar gadon Stat3. In an cire ta gaba ɗaya, ɗan tayin ɓera na mutuwa wajen mako guda da ɗaukar ciki. A 1999 masana a Japan, ƙarƙashin Shizuo Akira, suka cire ta daga makarofaj da nutirofil kawai. Ɓerayen suka rayu, amma da suka girma sai kumburin hanji mai tsanani ya kama su, saboda ƙwayoyin sun daina jin umarnin tsayawa. Haka Foxp3, wadda aikin gano ta da ƙwayoyin da take shugabanta ya ba Mary Brunkow da Fred Ramsdell da Shimon Sakaguchi kyautar Nobel a 2025. An nuna cewa cire ta daga ƙwayoyin T kaɗai ya isa ya sa jikin ɓera ya auka wa kansa har ya mutu yana ƙarami. Ashe rabin aikin garkuwa kai hari ne, rabi kuma sanin lokacin janyewa.

Nan ne tambayata ta sami gindin zama. A 2004 ƙungiyar Frank Brombacher a jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta yi amfani da LysM ta cire wata kafar karɓar saƙo da ake kira IL-4Rα daga makarofaj da nutirofil. Wannan kafar ce ke juya makarofaj daga mai faɗa zuwa mai gyara. Suka sa wa ɓerayen tsutsar da ke kama hanji da hanta, sai suka mutu da wuri, hanji da hanta sun yi mummunan rauni. Ma'ana, masu gyaran nan suna cikin abin da ke tsare rai lokacin da ƙwai ke ratsa bangon hanji. Bayan shekara goma, a 2014, ƙungiyar Thomas Wynn a Amurka ta sake duba lamarin, ta gano cewa LysM ba ta yanka a dukan makarofaj: sabbin shigowa wurin kumburi da yawa suna kuɓuta da kafarsu. Sakamakonsu bai zo daidai da na farko ba, kuma wannan saɓanin ne ya tona cewa makarofaj ɗin kansu rukuni-rukuni ne. Na ji daɗi ƙwarai da sanin cewa a nahiyarmu aka yi wancan aikin na farko, a kan cutar da ke cin yaranmu.

Malaman ba su ɓoye mana raunin kayan aikinsu ba, hasali ma sun fi daɗewa a kansa. CD4 tana yanka tun ƙwayoyin T suna ƙanana, don haka har rukuninsu da ake kira CD8 take shafa, ba masu ɗauke da CD4 kaɗai ba. Wani Cre ɗin yakan tashi a ƙwai ko maniyyi, sai 'ya'yan su fito babu ƙwayar gadon a duk jikinsu, mai bincike bai sani ba in bai duba ba. Yawan Cre shi kansa yana iya cutar da ƙwaya. Baƙin ɓeran Jackson da ɗan'uwansa da aka kai cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka a 1951 sun riga sun bambanta a wasu wurare, wanda ya cakuɗa su ya ɓata gwajinsa. Sannan ɓera ba mutum ba ne. A jininmu nutirofil ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyi, a nasa kuwa 'yan T da B ne. A 2016 masana a jami'ar Minnesota suka nuna cewa garkuwar ɓeran da ya tashi cikin tsabta tsantsa ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa. Na tuna yaron gonar rani da ya sha zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ƙyanda kafin ya kai shekara goma. Abin da ɓera ya faɗa mana jagora ne, tabbatarwa kuwa sai an dawo jinin mutanenmu.

An zagaya da mu ɗakin daskararwa. Tankunan ƙarfe ne cike da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Ma'aikacin ya ɗaga murfi, farin tururi ya malalo ƙasa, ya zaro wani siririn tsinken roba mai lamba. A ciki akwai 'yan tayi da ido ba ya gani. Tun 1972 aka gano cewa ana iya daskarar da ɗan tayin ɓera, a narkar da shi, a dasa wa wata uwa ta haife shi lafiya. Mafi yawan zuri'un cibiyar a haka suke, ba a keji ba, kuma wata gobarar da ta sake halaka dubban ɗaruruwan ɓeraye a 1989 ta ƙara nuna hikimar yin hakan. A cikin kundinsu na ga zuri'un amosanin jini, na Townes da na Berkeley, waɗanda aka sauya wa jan sinadarin jini da irin na mutum mai sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar yara masu wannan cuta, kimanin 150,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na daɗe a tsaye a gaban tankin nan.

Akwai nauyin da ba zan tsallake ba: waɗannan rayuka ne, kuma mafi yawansu a hannun mai bincike suke ƙarewa. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage adadi, a sauƙaƙa wahala. Ba a fara gwaji sai kwamitin kula da dabbobi ya amince. Na ga wata dattijuwar ma'aikaciya tana duba keji ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wani ta ce wannan gashinsa ya tashi, idonsa ya ƙanƙance, a kira likitan dabbobi. Mu da aka rene mu a kan cewa ko dabbar yanka ana wasa wuƙa don a hutar da ita, bai kamata wani ya fi mu riƙo da wannan ba.

Ranar da aka rufe kwas muka hau dutsen Cadillac mai tsayin mita 466, muka hango tsibirai birjik a kan teku. Washegari na biyo hanyata ta Bangor da Boston na dawo gida. Malamina ya tambaye ni abin da na gani. Na ce, "Ranka ya daɗe, na'urorinsu ba su ba ni mamaki kamar katin da ke jikin keji ba."

A yawancin ɗakunan bincikenmu fararen ɓeraye muke amfani da su, waɗanda sau da yawa ba mu da tarihin iyayensu, a ɗakin da zafinsa ke hawa da sauka yadda wutar lantarki ta ga dama. A irin wannan hali ko an ba mu ɓeran Cre kyauta, cikin 'yan watanni zuri'ar za ta gauraye. Abin da ya kamata mu fara da shi yana cikin ikonmu: ɗaki guda mai tsabta, mai wutar sola da ba ta yankewa, ma'aikatan dabbobi da aka horar ake kuma biyansu a kan kari, littafin da ake rubuta kowace haihuwa, na'urar tantance gado, da kwamitin da'a mai haƙori. Doka ma akwai ta, tun 2015 Nijeriya ta kafa hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa gado. Ba sai kowace jami'a ta gina nata ba. Guda ɗaya ingantacce da jami'o'in Arewa da na Nijar za su yi tarayya a kai ya fi goma na jeka-na-yi-ka, kuma duk zuri'ar da aka samu a raba ta wuri biyu, don gobarar 1947 ta isa darasi.

Ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da masu riƙe da asusun bincike da attajiranmu da su sa hannu a wannan. Ku kuma ɗalibai masu karanta kimiyyar halittu da likitanci da likitancin dabbobi, ku koyi ilimin gado da kyau, ku koyi rubuta abin da kuka gani daidai yadda kuka gan shi. Tsargiya da sikila da zazzaɓin cizon sauro cututtukanmu ne, yaranmu suke kwantarwa. In ba mu muka yi tambayoyin ba, za mu ci gaba da jiran lokacin da wasu za su sami sukunin yi mana.